Murfin Da Ke Buɗe Kansa Da La'asar

"Mama, a cikin injin nan aka ajiye Abba?"

Ina riƙe da tsumma ina goge baƙin hayaƙi daga jikin wani allon suna sa'ad da Ɗigo ta jefo mini wannan tambaya. Shekararta huɗu da 'yan watanni. Tana zaune a bakin jan layin da na ja da fenti a ƙasan shago, iyakar da na yi mata tsakaninta da injin. Ƙafafunta na bayan layin kamar yadda muka yi alkawari, amma wuyanta ya riga ya ƙetare.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Ba kowa. Ina jin numfashinsa."

Na ci gaba da goge allon da ya riga ya gogu. Na san abin da take ji, don ni ma ina jin sa, ƙin ba shi suna kawai na yi.

Injin leza ne, irin wanda ke zana rubutu da hoto a jikin katako da fata da roba ta hanyar ƙona su da haske. Girmansa ya kai firiza ta kwance, murfinsa na ƙarfe ne da faffaɗan gilashi mai duhu a tsakiya, kuma nauyi gare shi. Abin da ke riƙe shi in an ɗaga wasu sanduna ne guda biyu, hagu da dama, cike da gas, irin masu riƙe but ɗin mota. Namu sun gaji. In na ɗaga murfin sai ya tsaya kamar zai yi biyayya, can sai ya fara saukowa a hankali yana wani dogon huci siriri, in ya rage kamar tsawon tafin hannu sai ya faɗi gaba ɗaya.

Hucin nan ne ya kawo tambayar. Haka ƙirjin mahaifinta ya riƙa yi a makonninsa na ƙarshe, wata goma sha ɗaya da suka wuce.

Shi ya sayi injin, na hannu, tun Ɗigo na goye. Da rana yana aiki a wata maɗaba'a, da la'asar ya dawo. Ko ruwa ba ya sha sai ya shiga shagon da ke manne da ɗakinmu, ya ɗaga murfin ya leƙa ciki kamar mai duba jariri. Shi ya laƙaba mata Ɗigo, saboda ɗan jan ɗigon hasken da ke nuna inda injin zai ƙona, wai su biyun ba mai iya zama wuri ɗaya. Ni kuwa ban je ko'ina na koyi aikin ba. A bayansa na tsaya na koya, da goyo a bayana. Na ga kullum da murfi a buɗe yake fara aiki, ya sunkuya yana kallon layin farko, sai ya gamsu sannan ya rufe. Abin da ya yi shi nake yi, abin da bai yi ba ban san da shi ba. Da ya rasu, injin ya zama shi ne cinmu da shanmu.

Da sandunan suka fara gajiya, sai na yanko guntun katako na riƙa tokare murfin da shi. Ya yi mini wata biyu. Washegarin ranar da Ɗigo ta yi tambayarta, ina gyara zaman wani allo a ciki, gwiwar hannuna ta bugi matokarin. Da ƙyar na fizge kaina. Murfin ya sauka a kan fensirin da na bari a baki, ya raba shi biyu. Na tsinci guntayen, na juya na dubi Ɗigo tana ƙirga yatsunta tana waƙa. Kaurinsu bai fi na fensirin nan da komai ba.

A take na kira wakilin masu injin. Ya ce akwai sandunan, amma sai an yi odarsu daga waje, mako shida in an yi sa'a. Ya faɗi kuɗin, na ce ya maimaita, ya maimaita, na yi masa godiya na kashe waya.

Yayata, wadda shagon ɗinkinta ke kallon nawa, ta ji komai, don ita ba ta taɓa rasa jin komai ba.

"Ke dai kina son wahala," in ji ta. "Ba irin na but ɗin mota ba ne? Je ki layin 'yan kayan mota, a kwali ake zuba su."

"Yaya, inji ai ba mota ba ne."

"Ƙarfe dai ƙarfe ne. Bar mini uwar surutun nan, ki je ki dawo."

Na sa sukundireba na ɓamɓare ɗan ƙarfen da ke kama kan sandar, na cire ta hagu na naɗe a tsohuwar jarida. Akwai wata takarda manne a jikinta, amma hayaƙi da maiƙon hannu sun cinye rubutun, sai inuwar wata lamba da ba ta karantuwa. Ban damu ba. Ban san akwai abin karantawa ba.

Layin 'yan kayan mota matsattse ne, ƙasarsa baƙa ƙirin da tsohon man inji, fitilun mota rataye ko'ina suna kallon mutum. A shago na uku na sami wani mai tumbi da biro a bayan kunne.

"Hajiya, wace mota ce?"

"Ba mota ba ce. Murfin inji ne."

"Injin markaɗe?"

"Injin zane."

"To. Allah ya kawo mu zamani."

Ya jawo kwali ya juye a kan benci, ya riƙa gwada su da tawa ɗaya bayan ɗaya har ya sami biyu. Ya jera su gefe da gefe.

"Shok ɗin but ke nan. Duba tsawo. Duba kai. Kamar uwa ɗaya ta haife su."

"Ba wani abin da ake dubawa?"

"Tsawo da kai. In sun yi, an gama."

Na ga lamba a jikin nasa, ɗari uku da hamsin, da harafin N a ƙarshe. Na tambaye shi, ya ce lambar kamfani ce, kowa da tasa. Na kafa sandar a ƙasa na danna da iyakar ƙarfina, ko gezau. Tawa kuwa da yatsa biyu take shigewa.

"Kin gani? Lafiya ke nan. Wannan shekara goma tana ɗaga but ɗin mota, murfin injin zane ne zai gagare ta? Sai dai jikokinki su gada."

Ba zan ce ya cuce ni ba. Abin da ya sani ya faɗa, ni kuma na ji abin da nake son ji. Kuɗinsu bai kama ƙafar na wakilin ba. Na dawo gida ina jin kaina mace mai dabara.

Yaya ce ta tallafe murfin da kai da kafaɗa ni kuma ina ɗaurawa. Tana ta mita, wai in ya faɗo mata ni zan ƙarasa ɗinkin mutane. Da na sa ta biyun, murfin ya miƙe tsaye kamar soja. Wajen rufewa sai da na sa hannu biyu na ɗora nauyina, amma da ya kai ƙasa ya zauna. Babu huci. Na jefa matokarin cikin kwandon shara.

Kwana biyun farko an yi hadari, rana ba ta fito sosai ba, komai ya tafi daidai. Rana ta uku gari ya washe. Da la'asar injin na kashe, ina zaune a tebur na ba shi baya ina zuba mariƙan makulli a leda, Ɗigo na kwance rub da ciki tana zane. Rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a kan murfin. Sai na ji wani sauti a bayana. Ba hucin da na saba ba ne, wannan jan numfashi ne, dogo, irin na mutumin da ya shigo gida ya sauke kaya. Na juya. Murfin na tashi a hankali, ba kowa kusa da shi, har ya kai ƙarshe ya tsaya.

Ɗigo ko ɗago kai ba ta yi sosai ba.

"Sannu da zuwa, Abba."

Na je na danne shi na rufe, na duba maƙalansa na baya, na girgiza shi. Babu abin da ya kwance. Washegari da la'asar ya sake. Jibi ma haka.

Ni mace ce mai son sanin dalilin abu. Ban san yadda aka yi ba, amma na san murfin bai taɓa buɗe kansa ba sai da na sa sandunan nan. Abin da ya kamata shi ne in cire su a ranar, in tono matokarina daga shara. Maimakon haka sai na aro tsohon dutsen gugar Yaya na riƙa ɗorawa a kan murfin in ina aiki. Ga kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Kullum in rana ta fara leƙowa ta tagar, sai in kashe injin, in sauke dutsen gugar, in ce wa raina zafi da nauyi za su fasa gilashin. Sai in zauna. Ɗigo kuma ta tattara fensiranta, ta zo bakin jan layi ta naɗe ƙafa. Mu jira.

In ya buɗe, sai ta fara ba shi labarin yini.

"Abba, yau na sha magani ban yi kuka ba. Abba, Mama ta rubuta sunan wani mutum ba daidai ba, ta ɓoye allon a ƙarƙashin tebur, ta ce kar in faɗa."

Nakan ce mata ta bar wannan maganar, amma da muryar da ko ni ban yarda da ita ba.

Rana ta takwas Yaya ta shigo neman almakashi, ta tarar da mu a haka.

"Me kuke jira kamar masu jiran mota?"

Kafin in amsa, murfin ya ja numfashinsa ya tashi. Yaya ta yi salati a hankali. Ta dubi Ɗigo da ke gaisuwa, ta dube ni.

"Tun yaushe?"

"Sandunan ne, Yaya."

"Ban tambaye ki mene ne ba. Tun yaushe?"

"Kwana takwas."

"Yarinya ta jira, na gane. Ke fa, uwar yarinya?" Ta ɗauki almakashin. "Gobe ki cire su. In ba ki cire ba, ni zan zo da guduma."

Na ce to, kuma da gaske na ce. Sai dai washegari ina da aikin wata makaranta, ƙananan allunan suna guda tamanin na rataya wa ɗalibai, da alkawarin a karɓa da yamma. Tun safe aka ɗauke wuta, ba a kawo ba sai bayan azahar. Na ce bari in gama wannan, sannan in ɗauko sukundireba. Ranar ce ta farko da la'asar ta same ni injin na aiki.

Kowane katako ya cika sai na sauke dutsen gugar, na buɗe, na canja, na rufe, na mayar. A katako na biyar na rufe na kunna, ban mayar ba. Malamar makarantar ce ta yi sallama a ƙofa tana tambayar ko an gama, ƙarar fankar da ke janye hayaƙi ta hana ni jin ta, sai na fita bakin ƙofa.

Hasken da ke ƙona katakon ba a ganinsa. Jan ɗigon nan ɗan rakiya ne kawai. Na gasken ta cikin iska yake bi, daga madubi zuwa madubi, daga gefen injin zuwa kan da ke yawo a kan katako, kuma duk abin da ya gitta a hanyarsa ƙonewa yake yi. Mahaifin Ɗigo na da wani farin tabo a wuyan hannu, na ƙiftawar ido ɗaya. Na kuma san injinmu ba ya tsayawa don an buɗe murfi. Bai taɓa ba.

Ina cikin ce wa malamar saura ashirin, sai na ji shi. Ban san yadda na ji a cikin wannan ƙarar ba. Wataƙila ban ji ba, jikina ne ya san lokaci.

Murfin na sama, hayaƙi na fitowa. Ɗigo ta jawo 'yar kujerata ta taka, cikinta a kan bakin injin, hannunta miƙe a ciki tana bin jan ɗigon. Taku shida ne tsakanina da ita. Ban kai na biyu ba, kan injin ya tsaya cak. Ƙarar ƙunar ta yanke. Fanka kawai ke juyawa. Jan ɗigon na tsaye a tsakiyar wani harafi, hannun rigarta kuma na gicciye daidai inda hasken ke wucewa.

Na sure ta. Na duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na duba idanunta, na juya hannun rigar, har gashinta na sansana. Babu komai.

"Ban ce kar ki ƙetare layi ba?"

"Abba ne ya buɗe mini."

Na ƙara rungume ta.

"Na zo in kama ɗigon, sai ya kashe."

"Wa ya kashe?"

Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ya tambayi sunan kansa.

Malamar ta karɓi sittin ɗin da suka samu ta tafi. Na zare wayar injin daga bango, na kai Ɗigo shagon Yaya. Yaya ta ɗora ta a cinya, ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Na kira Baba Injiniya, dattijon da ke gyara injinan maɗaba'ar da mijina ya yi aiki, wanda shi ya haɗa mana namu ranar da aka kawo shi. Na ce masa abu biyu ne: murfi na buɗe kansa, injin kuma ya tsaya da kansa da murfin ya buɗe, abin da bai taɓa yi ba.



"Na biyun nan, kika ce bai taɓa yi ba?"

"Bai taɓa ba, Baba."

"Kar ki kunna. Da safe ina nan."

Ya zo da jakarsa da tabaransa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Yana ganin sandunan ya riƙe haɓa.

"'Yata, ƙofar gareji za ki ɗaga?"

Ya nuna mini lambar da aka ce ta kamfani ce. Ya ce ƙarfin turawar sandar ke nan, ita ce farkon abin dubawa kafin tsawo da kai. Ya cire su duka biyu, ya fito da ma'auni mai ƙugiya ya rataya a bakin murfin, ya ɗaga ya karanta, ya yi lissafi a bayan wani guntun katako.

"Ɗari-ɗari sun ishe shi. Ke kin ba shi ɗari uku da hamsin, har sau biyu." Ya dubi tagar. "Yaushe rana ke shigowa ta nan?"

"Da la'asar."

"To kin ji. Gas in ya ji zafi ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Da safe nauyin murfin na rinjayarsu da ƙyar. In rana ta dafa su, sai su rinjaye shi. Baƙon naku na la'asar ke nan."

Ashe Yaya ta tare shi a hanya ta ba shi labari. Na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya riga ya wuce wurin, yana bin bakin injin da yatsa. Ya tsaya a kusurwar dama, ya nuna mini wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar wake.

"Kin san wannan?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Baƙin salatif ne a wurin."

Ya zura hannu can ƙasan injin, cikin toka da ɓurɓushin katako, ya ɗauko shi. Guntun baƙin salatif, ya nannaɗe kamar busasshen ganye.

"Maɓallin nan aikinsa ɗaya ne. Murfi na ɗagawa, ya yanke hasken. Kowane inji da shi yake zuwa. Mijinki ya danne shi da salatif tun makon farko, wai yana son ganin layin farko da idonsa, gilashin ya yi masa duhu. Sau biyu na yi masa faɗa. Ya ce zai cire kafin yarinya ta fara tafiya."

Shekara uku ke nan da Ɗigo ta fara tafiya.

"To me ya cire shi jiya, Baba?"

"Gam ya bushe. Shekara huɗu, ga zafi ga hayaƙi, ga sandunan nan suna fizgar bakin murfin kullum. Dole wata rana ya saki."

"Kwana takwas murfin yana buɗewa, salatif ɗin bai saki ba."

"Bai saki ba."

"Jiya ma sau huɗu na buɗe da hannuna, yana nan."

"Na ji."

"Sai da ta sa hannu."

Ya juya salatif ɗin a yatsunsa, ya ajiye a kan tebur tsakaninmu. Bai dube ni ba.

"Allah ya jiƙansa," in ji shi, "ya kuma yafe masa salatif ɗin nan."

Ban taɓa jin haushin mijina ba tun da ya rasu, sai a ranar. Na ji shi sosai. Mutumin da ke tsince ƙaya daga kifi kafin ya ba 'yarsa, shi ya bar mana wannan, ni kuma na gaje shi da shi, ina ta ja wa yarinya layi a ƙasa ina ganin na tsare ta. Na ji haushinsa, kuma a lokaci guda ina son in ce masa na gode, ban san a kan me ba. Har yau abubuwan biyu ba su daidaita a raina ba.

Baba Injiniya ya rubuta mini abu huɗu a takarda: tsawon sandar a miƙe, tsawonta a danne, irin kanta, da lambar ɗari mai N.

"Kar ki koma layin mota, nasu duk na ƙattai ne. Je ki wurin masu kayan kabad ɗin kicin, irin wanda ƙofarsa ke buɗewa sama. Su ke da ƙanana."

A can na sami wata mata mai shago tsaf, kowace aljihun tebur da lambarta: sittin, tamanin, ɗari, ɗari da ashirin. Sababbi fil a leda, kuma sun fi tsofaffin na motar araha. Na karanta lambar sau uku. Na fito da tef ɗina na auna da kaina, a miƙe da a danne.

"Hajiya, awon rigar amarya kike yi ne?"

"Ya fi haka," na ce mata.

Baba ya ɗaura su, ya ƙara mini sakata a gaban murfin, sama da inda hannun Ɗigo ke kaiwa ko ta taka kujera. Ya sa guntun katako ya kunna injin, ya ce in ɗaga murfin faɗin yatsa. Na ɗaga, ya tsaya. Ya ce in sake. Sau goma ya sa ni, har sai da hannuna ya haddace. Murfin yanzu da yatsa biyu yake tashi, ya tsaya inda aka bar shi, ya sauka ba ko sauti. Yaya ta ɗinka wa tagar labule mai kauri, ta kafa da kanta, ta karɓi dutsen gugarta ta tafi.

Da la'asar Ɗigo ta tattara fensiranta, ta zo bakin jan layi ta naɗe ƙafa. Na bar abin da nake yi na zauna kusa da ita a ƙasa. Muka daɗe. Hasken da ke gefen labulen ya matsa daga bango zuwa ƙofa.

"Yau bai zo ba."

"Ɗigo, Abba ba ya cikin injin. Bai taɓa zama a ciki ba. Iska ce a cikin ƙarfe, in ta ji zafi sai ta tura murfin."

Ta yi tunani, tana murza yatsan ƙafarta.

"To wa ya kashe?"

Na ce mata gam ne ya bushe. Ta ce to, irin "to" ɗin da take yi in na ce allura ba zafi.

Ta jira washegari, da jibi. Bayan mako guda ta daina. Ni ce ban daina ba. Har yanzu in la'asar ta yi, hannuna kan tsaya a kan abin da nake yi, kunnena ya koma baya. Salatif ɗin yana cikin gwangwanin allurai a saman kabad, na kasa jefarwa.

Kai mai karanta wannan, ko ke, in akwai irin injin nan a inda yaro ke shiga, tashi yanzu ka kunna shi a kan guntun katako, ka ɗaga murfin faɗin yatsa. In bai tsaya ba, zare wayarsa, kar ka sake kunnawa sai an duba maɓallin. In za ka sayi sandar gas, araha ba laifi ba ce, amma karanta lambar da ke tare da harafin N kafin ka duba tsawo, in ta goge a auna murfin. Kuma in wani abu a gidanka ya lalace, ka ga kana jinkirin gyara shi don yana tuna maka da wanda ka rasa, gyara shi yau. Ni salatif ya saki mini a daidai lokacin. Kar ka zauna jiran naka ya saki.